Wai me ya rage a fim ɗin soyayya bayan ka gama kallon tallansa?

Ɗan_Sinima92:
Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da tallan finafinan soyayya masu barkwanci, tirela ɗin nan da ake sakewa kafin fim ya fito. Daren jiya na kalli guda huɗu a jere a YouTube, wallahi kamar hannu ɗaya ne ya yanka su duka. Yarinya na sauri ta yi karo da saurayi takardunta su watse a ƙasa, su yi cacar baki, ƙawarta ta ce mata ke dai faɗi gaskiya son shi kike, a nuno su suna rawa, sai ɓatawa sai kuka, sai ga shi yana gudu cikin ruwan sama ko a filin jirgi zai tare ta. Cikin minti biyu da 'yan daƙiƙu an ba ka farko da tsakiya da ƙarshe. To me ya rage da zan je in kalla? Ni a ganina masu tallan nan da hannunsu suke kashe fim ɗin. Ina son finafinan nan sosai shi ya sa abin ke min ciwo.

Uwar_Biyu:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ni kam ba don in san ƙarshe nake kallon irin waɗannan ba, tun kafin in danna na san za su daidaita. Abin da nake dubawa a tallan ɗaya ne, shin jinin mutum biyun nan ya haɗu? In ya kalle ta ta sunkuyar da kai na ji wani abu a raina to zan kalli fim ɗin ko da an faɗa min komai. In ban ji ba, ko me aka ɓoye min ba zan kalla ba.

Sadauki_77:
Ina bayanka ɗari bisa ɗari @Ɗan_Sinima92. Ni har na daina kallon talla ta wuce minti ɗaya, da na ga an canza kiɗa zuwa na tausayi sai in kashe.

Mai_Yankan_Hoto:
Bari in sa baki tunda aikin tace bidiyo nake yi, kuma na daɗe ina wargaza tallan nan ina kallonsu sin bayan sin, wato fitowa bayan fitowa, don in koyi yadda ake yi. Da ka ce kamar hannu ɗaya ne ya yanka su ba ka yi nisa da gaskiya ba. Yawanci ba daraktan fim ne ke haɗa tallan ba, akwai kamfanoni da aikinsu kenan kawai, a ba su fim ɗin wani lokaci ma ba a gama shi ba, su fitar da minti biyu. Kuma tsari ɗaya suke bi mai hawa uku. Hawa na farko a gabatar maka da mutum da matsalarsa, misali ita aiki ya cinye ta ko an yaudare ta ta rantse ta gama da soyayya, sai haɗuwar ba-zata da shi. Hawa na biyu a kawo abin da ya raba su, ƙarya ce ko tsohon masoyi ko iyaye ko suna aiki waje ɗaya ba sa shiri. Hawa na uku shi ne inda waƙa ke tashi, hotuna su riƙa zuwa da sauri da sauri, rawa, dariya, hawaye, gudu, sai sunan fim. Bayan sunan kuma sai a ƙara maka 'yar gajeriyar raha guda ɗaya don ka tafi da dariya a bakinka.
Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne kiɗa ne ke jan ragamar komai. Kowane hawa da irin kiɗansa. Kuma akwai dabarar tsayar da kiɗa cak ana dab da faɗin maganar ban dariya, sai shiru na rabin daƙiƙa, a faɗi maganar, a nuno fuskar wanda aka faɗa wa, sai kiɗa ya dawo. Shirun nan shi ke ce wa kunnenka ga wurin dariya.

Sadauki_77:
Kai! Wannan tsayar da kiɗan na sha ganin shi amma ban taɓa ɗauka da gangan ake yi ba.

Binta_Littafi:
Dan Allah tambaya a gefe, me ya sa ake ce masa tirela? Ni duk lokacin da na ji sai motar ɗaukar kaya ta faɗo min a rai.

Malam_Tarihi:
@Binta_Littafi 'yata ai kalmar ɗaya ce, ma'anarta abin da ke bin baya. A farkon zamanin sinima bayan an gama fim ake nuna tallan, shi ya sa aka kira shi haka, da aka ga mutane na tashi su fice da zarar fim ya ƙare sai aka dawo da shi gaba amma sunan ya zauna. Wanda aka fi ambata a matsayin na farko shi ne wanda Nils Granlund ya yi a 1913 a Amurka, kuma ba ma tallan fim ba ne, tallan wasan dandamali ne aka nuna a gidajen sinima na Loew. Daga baya wani kamfani mai suna National Screen Service ya riƙe harkar shekaru da dama, kusan duk manyan kamfanonin Hollywood shi ke yi musu. Don haka kamannin da ɗana ke kuka da shi ba yau ya fara ba.
Ita ma haɗuwar ba-zata da Mai_Yankan_Hoto ya ambata tsohuwa ce. Misalin da aka fi kawowa yana cikin fim ɗin darakta Ernst Lubitsch na 1938, Bluebeard's Eighth Wife. Namijin ya shiga shago yana son rigar barci kawai ban da wando, masu shago suka ce ba sa rabawa, sai ga mace ta ce ita wandon take so. Shi kenan sun haɗu. Sin ɗaya ya gaya maka halin kowannensu kuma ya ba ka dariya, to mai talla da ke da minti biyu kacal ta yaya zai bar irin wannan sin ɗin a waje?

Ɗan_Sinima92:
Na gode Malam, na ƙaru. Amma haɗuwar ba ita ce damuwata ba, a nuna ta ba komai tunda farkon labari ce. Gudun nan na ƙarshe da sumbatar ko rungumar da ake nunawa su ne ke ɓata min rai. Wannan ai ƙarshen fim ne!

Hauwa_Kallo:
Yaya ba kullum ba ne fa. Akwai finafinan da jaruma ba ta samun wanda take so, kamar My Best Friend's Wedding na 1997, Julia Roberts ta yi ta fafutuka amma mutumin waccan ya aura. Kuma sau da yawa rungumar da kake gani a talla daga tsakiyar fim aka ɗauko ta, kafin su ɓata, kai kuma ka ɗauka ƙarshe ne saboda a ƙarshen tallan aka ajiye ta.

Mai_Yankan_Hoto:
Hauwa ta taɓo inda ya kamata. Ba kullum talla ke bin jerin fim ba. Bari in ba ku abin da na gani da idona. Akwai wata talla da na riƙa tsayarwa hoto bayan hoto, saurayin ya faɗi wata magana ta rashin kunya a wajen liyafa, aka yanko fuskar yarinyar ta zaro ido ta buɗe baki. A guje abin ya tafi daidai, ka yi dariya. Da na tsayar sai na ga lokacin da yake maganar tana tsaye gefensa da shuɗiyar riga gashi a ɗaure, amma a hoton da ta zaro ido rigar ja ce gashi a sake, kuma tagar da ke bayanta rana ce tsaka alhali liyafar da dare ake yi. Wato daga wani sin daban aka ciro fuskar aka liƙa. A ainihin fim ɗin ba ta ma ji maganar ba.
Wannan dabara tana da asali, wani ɗan Rasha Lev Kuleshov ya gwada ta kusan shekara ɗari da suka wuce. Ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa guda ɗaya wadda ba ta nuna komai, ya jera ta da hotuna daban daban, masu kallo suka riƙa ganin yunwa a nan, baƙin ciki a can, sha'awa a can, alhali fuskar ba ta canza ba. Rabin soyayyar da Anti Uwar_Biyu ke gani a talla haka ake ƙera ta, ya kalli hagu, a yanka, ta kalli dama ta yi murmushi, ƙwaƙwalwarka ta ɗaura musu aure.

Uwar_Biyu:
A'a ɗana ban yarda da kai duka ba. Na yarda ana liƙa fuska, amma akwai lokacin da ake nuna su biyun cikin hoto ɗaya ba yanka, yana magana tana ƙoƙarin danne dariya, ko hannunsa ya taɓa nata ta ɗan janye. Wannan edita ba zai ƙera shi ba, ko dai akwai ko babu. Ni irin wannan hoton nake jira, in talla ta ƙare ban ga su biyun tare a hoto ɗaya na 'yan daƙiƙu ba sai kullum shi daban ita daban, sai in fara zargin ba su dace ba ne ake rufewa.

Mai_Yankan_Hoto:
Wallahi Anti kin fi ni gaskiya a nan, wannan ma'auni ne mai kyau. Hoton mutum biyu da ba a yanka ba shi ne wanda ba ya ƙarya.

Abban_Nana:
Tunda ana maganar ƙarya, ni abin da ya fi ƙona min rai ba tona labari ba ne, sayar min da abin da babu. Na taɓa ɗaukar maiɗakina muka je kallon wani fim saboda tallansa duk raha ce da waƙa mai daɗi, muka shiga ashe labarin mutuwar aure ne, faɗa da zagi tun daga minti ashirin har ƙarshe, barkwancin da ke ciki gaba ɗaya shi ne wanda muka riga muka gani a talla. Mun fito ba mai ce wa kowa uffan. Da sun nuna min gaskiyar fim ɗin da na zaɓi wani. Don haka ni gara a tona min da a yaudare ni.

Lauya_Ƙarami:
@Abban_Nana irin wannan har kotu ya kai a Amurka. Fim ɗin Yesterday na 2019, wanda shi ma na soyayya da barkwanci ne, an nuna 'yar wasa Ana de Armas a tallansa amma da fim ya fito babu ita ko sin ɗaya, an cire ta. Wasu mutum biyu da suka yi hayar fim ɗin a Amazon kan dala 3.99 suka kai kamfanin Universal ƙara a 2022 cewa an yaudare su. Kamfanin ya ce talla aikin fasaha ce tana da 'yancinta, amma a Disamba 2022 alƙali Stephen Wilson ya ce a'a, duk da fasahar da ke ciki asalinta tallar haja ce, dokar hana tallan yaudara na iya hawa kanta. A 2023 dai ya kori mafi yawan buƙatunsu, ba su samu abin da suka nema ba, amma wancan hukuncin na farko ya girgiza masu harkar.
Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne dalilin cire ta. Marubucin fim ɗin Richard Curtis ya bayyana cewa masu kallon gwaji ba su ji daɗin ganin idon jarumin ya karkata ga wata mace ba bayan ga wadda suke so ya aura. Kun ga kenan masu kallon irin finafinan nan ba mamaki suke nema ba, alƙawari suke so a cika musu.

Ɗan_Sinima92:
Hmm wannan maganar ta ƙarshe ta shige ni. Amma Barista cika alƙawari daban, nuna min yadda aka cika shi tun kafin in biya kuɗi daban.

Binta_Littafi:
Akwai binciken da aka yi a kan wannan fa. A 2011 wasu masana biyu a Jami'ar California da ke San Diego, Leavitt da Christenfeld, sun ba mutane gajerun labarai su karanta, wasu an faɗa musu ƙarshen tun farko wasu ba a faɗa ba, sai aka ga waɗanda aka tona wa sun ma fi jin daɗin labarin a mafi yawan lokuta. Ni na yarda da shi don in na san ƙarshe hankalina ya fi kwanciya in lura da ƙananan abubuwa.

Sadauki_77:
'Yar uwa wannan labarin takarda ne, ba fim ba, kuma ba barkwanci ba. Raha sau ɗaya take tashi. In na ji ta sau biyar a talla, ranar da na zo wajen a fim sai dai in yi murmushin na san wannan.

Hauwa_Kallo:
Ni kuma akasin haka nake gani a sinima, wajen da aka nuna a talla nan ne ɗaki ke fashewa da dariya, wasu ma suna faɗin maganar tare da ɗan wasan.

Haske_da_Inuwa:
Kun tsaya kan labari da kiɗa, ba wanda ya yi maganar haske, alhali shi ne farkon abin da ke gaya maka irin fim ɗin tun ba a ce komai ba. Fim ɗin soyayya mai barkwanci haske ake cika masa, fuska tas babu inuwa mai duhu a gefen hanci ko ƙarƙashin ido, launuka masu ɗumi, ruwan zuma da ja-ja da ruwan hoda. In an zo wajen kallon juna sai a kusanto da kamara fuska a bar bayan ya dushe, fitilun titi su koma ƙwallaye masu laushi, duniya ta ɓace saura su biyu. Shigowar jaruma cikin kwalliya kuwa sai a rage gudun hoton tana saukowa daga bene a hankali. Wajen barkwanci kuma ja da baya ake yi da kamara don a ga jiki gaba ɗaya, faɗuwa ko karo ba ya ba da dariya in fuska kawai ake gani. Har rubutun da ke fitowa tsakani, fari ko ja ko ruwan hoda a kan fili mai haske, haruffa masu zagaye. Ka kashe sauti ka ba ni daƙiƙa biyar zan gaya maka fim ɗin soyayya ne ko na tsoro.

Mai_Yankan_Hoto:
Malam Haske zan ɗan ja da kai kan kashe sauti. A 2005 wani matashin edita Robert Ryang ya ɗauki The Shining, fim ɗin tsoro na 1980, ya sake yanka masa talla kamar fim ɗin iyali mai sanyaya zuciya, uba da ɗa suna neman fahimtar juna. Bai canza hasken ko hoto ɗaya ba, zaɓen sin ya yi, ya sa murya mai fara'a da waƙa mai daɗi, kuma abin ya zauna daram har ya zagaye intanet. Haske na taimakawa amma kiɗa da jeri su ne sarakai.

Haske_da_Inuwa:
Na san shi, amma ka lura sin ɗin rana ya tsinto, wuraren da ke da haske. Bai taɓa na duhun ba. To ka ga maganata ce dai.

Malam_Tarihi:
Muryar da aka ambata ta tuna min, ku yaran yanzu ba ku san zamanin mai ba da labari a talla ba. Da can wani namiji mai kauri a murya ne zai gabatar maka da ita, ya gabatar maka da shi, ya ce abu ɗaya ne ba su shirya masa ba. Don LaFontaine shi ne sarkin wannan aiki, ya yi tallan fim sama da 5,000 kafin rasuwarsa a 2008. Yanzu an kusan daina, rubutu da maganganun 'yan wasan ne suka maye gurbin. Kuma ina ganin wannan na cikin dalilin da ya sa ake tona labari da yawa, da mutum ɗaya zai taƙaita maka matsalar cikin jimla biyu, yanzu dole a nuna maka sin ɗin kansa kafin ka gane.

Abban_Nana:
Na Indiya fa? Su tasu tallar ta fi tsawo, sau da yawa tana kai minti uku, ga shi kuma suna sakin waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya kafin fim ya fito, kuma ba wanda ke cewa an kashe masa fim.

Lauya_Ƙarami:
A Amurka akwai iyaka, minti biyu da rabi ne ƙa'idar da aka daɗe a kai, a 2014 ma ƙungiyar masu gidajen sinima ta nemi a rage zuwa minti biyu, sai dai shawara ce ba tilas ba. A intanet kuma wata matsalar ce, saboda ana iya tsallake talla bayan daƙiƙa 5 a YouTube shi ya sa yanzu za ka ga an liƙa 'yar ƙaramar talla a gaban tallar, hotuna uku huɗu da suka fi ɗaukar ido, sau da yawa har da rungumar da ɗan'uwa ke kuka da ita.

Sadauki_77:
To ka ji, ko dabarata ta kashewa a minti ɗaya ba ta tsirar da ni ba kenan.

Mai_Yankan_Hoto:
@Ɗan_Sinima92 ga aiki zan ba ka. Koma kan tallan nan huɗu ka duba abu biyu. Na ɗaya, an gaya maka ainihin dalilin da ya sa suka ɓata, ko kuka kawai ka gani da rufe ƙofa? Na biyu, da ya iso wajenta bayan gudun, ka ji abin da ya ce mata? Mai talla da ya san aikinsa zai ba ka gudun don gudu motsi ne yana tafiya da kiɗa, amma kalmomin da zai faɗa ya shawo kanta su ne kayan da ake sayarwa, su ake riƙewa.

Ɗan_Sinima92:
Na koma na duba yanzu. A uku daga ciki gaskiyarka ne, ya iso yana haki jiƙe sharkaf, ya buɗe baki zai yi magana sai waƙa ta rufe aka yanka zuwa sunan fim, kuma dalilin faɗan ma ban iya faɗinsa ba. Amma ta huɗun wallahi sun saka maganar gaba ɗaya, har amsar da ta ba shi da hawayenta, kuma su biyun ne a hoto ɗaya irin wanda Anti ta ce. Wannan ita ce ta fi taɓa ni a cikin huɗun kuma ita ce na fi jin haushinta, don na san duk ranar da na zauna kallon fim ɗin in aka zo wajen nan ba zan ji abin da na ji jiya ba.

Uwar_Biyu:
Za ka ji ƙanina, in ka zauna da su awa ɗaya da rabi ka ga abin da ya sha kafin ya kai ga faɗin maganar, ba ɗaya ba ne da jin ta a tsakiyar waƙa. Ka kalla ka dawo ka ba mu labari.

Sadauki_77:
Ni dai kar ka turo min ta huɗun nan. Turo ukun.